Kafin Ku Ce Yaro Yana Da Kunnen Ƙashi

Ya ku iyaye da masu riƙon yara na Rumde Ajiya da sauran unguwannin Garwa, da ku 'yan kasuwa masu zirga-zirga tsakanin Garwa da Pitowa da Gider da Marwa, har zuwa Yola da Mubi.

Kowa a cikinku ya san irin wannan yaro. Uwa tana rumfa tana auna wa mai saye gero, ta kira shi sau uku ya miƙo mata leda, bai waiwayo ba sai da ta ɗaga murya. Malamin allo ya ce ba ya mai da hankali. A makarantar boko an ajiye shi a bencin baya, sakamakonsa yana ta raguwa. In an ba shi waya ya gaisa da kakarsa, kullum sai ya mayar da ita kunne guda. Bai taɓa kukan ciwon kunne ba, ba a taɓa ganin mugunya a matashin kansa ba, don haka ba wanda ya kawo cuta a ransa. Sai a yanke masa hukunci cewa kunnen ƙashi gare shi, wani lokaci har da bulala.

Abubuwa da yawa suna rage wa yaro ji ba tare da zafi ba. Mafi yawansu masu sauƙi ne: dauɗar kunne da ta taru ta toshe hanya, ko ruwa da ya kwanta a bayan dodon kunne bayan mura. Amma akwai wata cuta guda da ba ta da yawa, wadda ake haihuwar yaro da ita, tana girma a ɓoye shekara da shekaru, kuma ba ɗigo ko ƙwaya ko allurar da ke kashe ta. Likitoci suna kiranta kolesitiyatoma. A wannan takarda za mu kira ta ƙullin fata na cikin kunne, domin abin da take ke nan.

Yadda kunne yake daga ciki

Ramin kunne da kuke gani ba shi da zurfi sosai. A ƙarshensa akwai wata siririyar fata a ɗaure tamau kamar fatar kalangu, ita ce dodon kunne. A bayanta akwai wani ɗan ɗaki mai iska, a cikinsa kuma ƙasusuwa uku a jere, kowane yana riƙe da na gaba. Saboda siffarsu ake kiransu guduma da uwar maƙera da likkafa. Wannan likkafa ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Idan sauti ya bugi dodon kunne, sai ƙasusuwan nan su karɓa su miƙa shi can ciki, daga nan jijiya ta kai wa ƙwaƙwalwa.

Ɗakin yana da maƙwabta masu muhimmanci. Jijiyar da ke motsa rabin fuska ta jikin bangonsa take wucewa. Sashen da ke riƙe mutum a tsaye kada jiri ya kayar da shi yana manne da shi. Ƙashin da kuke taɓawa a bayan kunne, mai ramuka a ciki kamar saƙar zuma, a haɗe yake da shi. Rufinsa kuwa ƙashi ne siriri, kuma a samansa ƙwaƙwalwa take.

Abin da ke tsirowa a can

Fatar jikinmu kullum tana saɓa. Wanda ya ga ƙafarsa da hunturu ya san haka. A waje, saɓar takan zube a wanke ta. To, a lokacin da ake halittar jariri a ciki, wani ɗan guntun fata yakan samu kansa a cikin ɗakin nan na bayan dodon kunne. Masana da dama suna ganin cewa a yawancin jarirai yakan ɓace da kansa wajen wata na takwas na ciki. A wasu ƙalilan sai ya zauna, ya dunƙule, ya ci gaba da aikin da fata ta saba, wato saɓa. Amma a nan babu inda saɓar za ta zube. Sai ta riƙa taruwa ɓawo a kan ɓawo, kamar yadda albasa take ƙunshe kanta. Da farko ƙullin bai fi ƙwayar gero ba, fari fat, yana ƙyalli. Da tafiya ta yi tafiya sai ya cika ɗakin, ya danne ƙasusuwan nan uku, ya riƙa fitar da wasu sinadarai masu cin ƙashi sannu a hankali, kamar yadda gara take cin azara, daga waje ana ganinta lafiya lau.

Sunan da wani likita Bajamushe, Johannes Müller, ya raɗa mata a 1838 yana iya tsorata mai karanta takardar asibiti, domin ya yi kama da sunayen ciwon daji. Ba ciwon daji ba ce. Ba ta yaɗuwa zuwa hanta ko huhu. Ɓarnarta a inda take zaune take yinta, sai dai wurin da ta zaɓa ba wurin wasa ba ne.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a fili, musamman a gaban dangin miji. Uwa ba ta da laifi a wannan cuta. Ba abin da ta ci ko ta sha da ciki ba ne ya jawo ta, ba wankan jego ba ne, ba ruwan da ya shiga kunnen jariri ba ne. Ba a ɗaukarta daga wani yaro, yaron yana iya kwana da ƙannensa ya ci abinci a kwano ɗaya da su. Ba ta da rigakafi. An fi samunta a yara maza, kusan kullum a kunne ɗaya, kuma galibi ana gano ta ne tsakanin shekara 4 zuwa 6.

Tana da 'yar'uwa wadda ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Ita wannan ba a haihuwar yaro da ita, tana biyo bayan ciwon kunne ne da ya daɗe, wanda ya huda dodon kunne ko ya janye shi ciki. Alamarta kunne mai zubar da mugunya mai ɗoyi, a sa ɗigo ta tsaya mako biyu ta dawo. Duk abin da za a faɗa a nan game da haɗari da magani ya shafe ta ita ma. Idan akwai yaro ko babba a gidanku da kunnensa ya shafe watanni yana zuba yana wari, kada a jira a gama karanta wannan takarda kafin a sa ranar kai shi asibiti.

Abin da za ku iya lura da shi a gida

Wahalar ƙullin haihuwa ita ce dodon kunne yana nan lafiyayye, bai huje ba, don haka babu zuba. Alamar farko, sau da yawa ita kaɗai, ita ce raguwar ji a kunne guda. Yaro kuwa ba ya kawo ƙarar wannan, domin bai san yadda sauran mutane suke ji ba. Ɗaya kunnen yana rufa masa asiri a ɗaki, amma a cikin hayaniyar kasuwa ko aji mai yara da yawa magana takan kuɓuce masa. Za ku ga yana karkata kai ya ba ku gefe ɗaya. Za ku ga an kira shi daga dama ya waiwaya hagu. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, domin mai jin kunne ɗaya ba ya iya gane ta ina ƙara take zuwa, ga shi kuwa titunan Garwa cike suke da babura.

Ga wani gwaji da za ku iya yi da dare bayan gida ya yi tsit, ga yaron da ya kai shekara 4. Ku tsaya a bayansa nisan hannu guda, yadda ba zai ga bakinku ba. Ku danne masa ƙofar kunne ɗaya da yatsa, sannan ku yi raɗa da kalmomin da ya sani, kamar kaza, goro, biyar, ku ce ya maimaita. Ku sake da ɗaya kunnen. Idan ya kama a gefe guda ya kasa a ɗayan, ku kai shi a duba. Idan ya kama duka biyun amma zuciyarku ba ta kwanta ba, nan ma ku kai shi, domin ƙaramin ƙulli bai cika taɓa ji ba tukuna.

Akwai kuma alamomin da ba a kwana da su a gida, ko da rana ce ta cin kasuwa: kumburi mai zafi a bayan kunne har ya turo kunnen gaba, baki ya karkace ko ido ɗaya ya ƙi rufuwa, jiri mai tsanani da amai, zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, jijjiga ko yaro ya fita hayyacinsa. Mu mutanen Arewa mun san sanƙarau na lokacin zafi, amma wanda ke tasowa daga kunne ba ya duba wata, ko da damina yana zuwa. Karkacewar baki kuma mun saba danganta ta da iska. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Jijiyar fuska da ƙulli ya danne tana iya farfaɗowa in an ɗage mata da wuri. In ta daɗe a danne, fuskar tana iya zama haka har abada.

Yadda ake gano shi

Matakin farko bai wuce minti biyu ba, kuma ba ya da zafi. Ma'aikacin lafiya zai leƙa kunnen da wata 'yar fitila mai madubi. In akwai dauɗa sai a fara fitar da ita. Abin da ake nema shi ne farin abu kamar dutsen ado yana haskowa ta bayan dodon kunne, galibi a sama ta wajen gaba. Saboda haka duk sanda kuka kai yaro ƙaramin asibitin unguwa, ko don mura ko zazzaɓi, ku ce a leƙa masa kunnuwa duka biyu. Haƙƙinku ne ku nema. A ƙasashen da ake kama wannan cuta tun tana ƙarama, ta haka ake kama ta, a wajen duba yaron da ba kunne ya kawo shi ba.

Ba kowane fari ne ƙulli ba, wani tabon tsohon ciwo ne kawai, kuma ma'aikaci irina ba shi ne zai yanke hukunci ba. Aikinmu mu rubuta muku takardar turawa zuwa ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A asibitocin Kamaru za ku ga an rubuta ORL a ƙofar sashensa, a na Najeriya kuma ENT. Shi zai sake dubawa da na'ura mai ƙara girma, ya sa a auna jin kowane kunne daban, sannan ya nemi hoton sikana, wanda ke nuna ƙashi dalla-dalla: inda ƙullin ya kai, ko ya ci ƙasusuwan ji, ko ya shiga ƙashin bayan kunne. Hoton ƙashi na yau da kullum, irin wanda ake ɗauka in an karye, ba ya nuna shi. Wani lokaci akan ƙara da hoton da ake kira IRM a Kamaru, MRI a Najeriya.

Magani

Tiyata ce kaɗai. Na san wannan kalma tana da nauyi, kuma na san da yawa za su so a fara gwada wani abu. Ɗigon kemis yana iya busar da mugunya in akwai, amma ba ya narkar da fata, balle wadda ke bayan rufaffen dodon kunne. Man ja, man gyaɗa mai ɗumi, ruwan albasa, turare, nonon uwa, duk ba mai isa wurin. Gashin kaza da tsinken ashana kuwa sai dai su huda dodon kunnen da yake lafiya, su buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Kada a bar wanzami ko mai tallar magani a bakin tasha ya sa ƙarfe a kunnen yaro.

Girman aikin ya danganta da lokacin da aka zo. Wani likitan kunnen yara a Filadalfiya ta Amurka, William Potsic, da abokan aikinsa sun kasa cutar hawa huɗu a 2002, kuma likitoci suna amfani da wannan kashi har yau. A hawa na farko ƙullin yana kusurwa ɗaya. A na biyu ya bazu amma bai taɓa ƙasusuwan ji ba. A na uku ya kama su. A na huɗu ya shiga ƙashin bayan kunne. A cikin yaran da suka bi, ragowar ƙulli ta sake bayyana bayan aiki a kashi 13 cikin 100 na 'yan hawan farko, amma a 'yan hawa na huɗu kashi 67 cikin 100 ne. Ɗan kasuwa ba ya buƙatar a fassara masa wannan lissafi.

A hawa na farko likita yakan bi ta ramin kunne, ya ɗaga dodon kunne kamar labule, ya ɗauke ƙullin ɗungurungum, ya mayar da fatar. Sau da yawa babu tabo a waje, kuma ji yakan tsira. In ya yi nisa, sai an tsaga bayan kunne an goge ƙashi, wani lokaci a cire guduma ko uwar maƙera da ta ruɓe. Ana iya maye gurbinsu da guringuntsin yaron ko wani ɗan ƙarfe na musamman, a aikin farko ko a na biyu. Ku sani tun yanzu cewa burin farko na likita shi ne ya raba yaro da ƙullin, ya tsare fuska da ƙwaƙwalwa. Ji yana biyo baya, wani ya dawo sosai, wani kaɗan, wani sai an haɗa da na'urar ƙara ji. Aikin yana da nasa haɗarin, kamar taɓuwar jijiyar fuska, wanda bai cika faruwa a hannun ƙwararre ba, ko sauyin ɗanɗano a gefen harshe na ɗan lokaci. Ku tambayi likita duk waɗannan kafin ku sa hannu, ku nemi mai fassara in Faransanci ko Turanci ya yi muku nauyi.

Ana yin aikin ne yaro yana barci da maganin sa barci. Za a faɗa muku awoyin da zai yi bai ci bai sha ba kafin a shiga. Kakanni mata, da ku nake: kada tausayi ya sa a ba shi kunu ko ruwa a ɓoye. Abin da ke cikinsa yana iya dawowa ya shiga huhu yana barci. In ya ci wani abu bisa kuskure, a gaya wa ma'aikata, ɗage aiki da yini guda ba komai ba ne.

Tafiya da kuɗi

Likitocin da ke tiyatar cikin kunne ba su da yawa a yankinmu, ta kowane ɓangaren iyaka. A Garwa hanya tana farawa daga asibitin unguwa zuwa na gunduma, zuwa Babban Asibitin Yanki. Daga nan ana iya tura ku Yawunde ko Duwala, tafiyar fiye da kilomita 1,000, wadda da yawa suke yinta da mota zuwa Ngaundare sannan su kwana a jirgin ƙasa. Masu dangi ko harka a Najeriya sukan duba Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama a Yola, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999.

Ko ina kuka nufa, kada ku kama hanya sai likitan da ya tura ku ya tabbatar cewa can ana yin wannan aiki ga yara, kuma an ba ku rana. Ku nemi a rubuta muku ƙiyasin kuɗi, har da na hoto da gado da magani, ku ƙara na mota da masauki da abinci. Ku tafi da littafin asibitin yaro, da sakamakon awon ji, da hoton sikana kansa, ba takardar bayaninsa kaɗai ba. Likita a Yola yana iya kasa karanta Faransanci, amma hoto ba ya buƙatar tafinta, kuma rashinsa zai sa ku biya sau biyu.

In babu ɗaya daga alamomin gaggawa da aka ambata, ba dole ne a yi aikin cikin mako guda ba. Akwai sararin 'yan makonni, ko wata ɗaya zuwa biyu, na haɗa kuɗi: a nemi kwasar adashi ta gaba, a sanar da dangi, a yi magana da shugabannin layin kasuwa ko na masallaci da coci. Ku tambayi likita iyakar lokacin da za a iya jira. Abin da na sha gani shi ne a ce sai bayan an sayar da auduga, sai kuma bayan Salla, sai bayan bikin wance, har shekara biyu ta wuce, ƙaramin aiki ya koma babba.

Bayan an dawo gida

Za a toshe kunnen da wani abu mai laushi na 'yan makonni, don haka jinsa zai ragu a farko, kada ku firgita. Ruwa kada ya shiga. Wajen wanka a shafa wa auduga man basilin a toshe ƙofar kunnen, a cire bayan an gama. Babu iyo a Binuwai ko kududdufi, babu face majina da ƙarfi, babu kokawa da ƙwallo, sai likita ya ba da izini. A gaya wa malamansa na allo da na boko su zaunar da shi gaba, lafiyayyen kunnen yana fuskantar malam.

Sai maganar komawa asibiti, inda iyalai da yawa suke sakin hannu, domin yaro ya warke yana wasa, ga kuɗin mota. Guntun fata da bai kai kan allura ba in ya saura, zai sake tsirowa, kuma a shiru kamar na farko. Shi ya sa likita yake iya sa ranar sake buɗe kunnen bayan wata 6 zuwa 12, ko ya nemi hoton IRM a madadin haka. Wannan ba ya nufin aikin farko ya lalace. Ana ci gaba da duba yaron aƙalla shekara 5. Ku roƙi likitan da ya yi aikin ya rubuta a littafin yaro irin aikin da aka yi, da ranar dubawa ta gaba, da waɗanne dubawa za a iya yi a nan Garwa ba sai an koma ba.

Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya. In kun ji sanarwar duba kunne a lokacin, ku kai yaran gida duka, har da waɗanda ba su taɓa kukan kunne ba. Wanda kuma gwajin raɗa ya nuna masa bambanci tsakanin kunnuwan ɗansa, ya zo da shi asibitin unguwa a wannan makon, da littafinsa a hannu.